Sauro, Gwangwanin Feshi da Tukunyar Gas



Mu a Haɗejiya ba sai an ba mu labarin sauro ba. Da kogi ya cika a watan Agusta, ruwa ya kwanta a fadama, shi ke nan, kowace magariba sai feshi. To amma yanzu da yawanmu mun sayi tukunyar gas da kuɗin adashi, wata ma a ɗakin kwananta take ajiye ta.

Ku sani, iskar da ke turo maganin daga gwangwani 'yar'uwar gas ɗin girki ce. Ƙasa take kwanciya, tartsatsi kaɗan ya ishe ta kamawa.

Don haka mu sauke tuwo tukuna. Mu rufe gas tun daga kan tukunya, mu kashe risho da maganin sauro na kunnawa, a rufe abinci, a fitar da yara, sannan a fesa. In mun dawo, taga za mu fara buɗewa, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki. Gwangwanin da ya ƙare kuwa, don Allah kada a jefa shi murhu. Fashewa yake yi, kuma yaranmu ne zaune a bakin wutar.