Abin sha'awar ɗalibi, sana'ar gobe

 Yau zancenmu bisa ɗalibai masu koyon ilimin kwamfuta ne. Da yawa suna karatu, amma ba su san aikin da za su kama ba in sun ƙare. Kai ɗalibi, dubi abin da kake yi don sha'awa bayan darasi. A 1991, Linus Torvalds yana ɗalibi a jami'ar Helsinki, ƙasar Finlan, ya soma rubuta tsarin Linux don jin daɗinsa kawai. Yau wayoyin Android bisa kansa suke aiki. Ku iyaye, kada ku yi saurin cewa yaro wasa yake yi. Ku tambaye shi abin da yake haɗawa. Sai mako mai zuwa.