Gurɓacewar Ruwan Lagireto a Tsofaffin Motoci: Jawabi ga Direbobi da Masu Motoci

Tun daga shekarar 1975 da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, ƙirar 504 ta zama abokiyar tafiyar jama'ar ƙasar nan, kuma har yanzu akan ga sauranta a tashar Muda Lawal da sauran tashoshin birnin Bauchi. Wannan jawabi ya shafi irin waɗannan motoci da suka kwana biyu, da kuma abin da ya fi saurin kashe injinsu, watau gurɓacewar ruwan lagireto.

Aikin wannan ruwa shi ne ya zagaya cikin inji ya kwaso zafi, ya kai shi lagireto inda iska da fanka za su huce shi. Muddin hanyoyinsa suka toshe, zafi zai taru. Direban da ya tashi daga Bauchi zuwa Jos a watan Maris ko Afrilu shi ya fi kowa sanin haka, domin ga zafin rana, ga lodi, ga hawan da ba ya ƙarewa. Bugu da ƙari, ruwan da ke tafasa a digiri 100 a bakin teku yakan tafasa a wajen digiri 96 a kan tudun Jos. Marfin lagireto mai kyau ne ke riƙe matsi ya ɗaga wannan iyaka zuwa wajen digiri 120, saboda haka wanda ya toshe bakin lagireto da tsumma ya riga ya yi wa injinsa illa.

Kafin a yi maganar wanki, tilas ne a gane irin cutar. A jira inji ya huce sarai, sa'an nan a buɗe marfi a duba. Buɗe shi da zafi ya sha ƙona mutane a fuska da hannu.

In ruwan ya yi ja kamar na kududdufin damina, tsatsa ce. Gangar jikin injin 504 baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa na alminiyum, kuma ƙarafa iri biyu da ke jiƙe cikin ruwan banza sukan ci juna. In kuma aka ga farin ɓawo ya daskare a bakin bututai, to, gishirin ƙasa ne da ke cikin ruwan rijiya da na burtsatse. Waɗannan biyu wanki yana maganinsu.

Na uku shi ne mai hatsari. In ruwan ya yi kauri, ya koma kamar shayi da madara, ko kuwa aka ga maiƙo yana yawo a samansa, baƙin mai ne ya shiga. Galibi gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, wani lokaci kuwa kan ne ya tsage ko ya lanƙwashe. Akwai shaidu da ke tabbatar da haka: kumfa na tasowa a bakin lagireto sa'ad da inji ke aiki, farin hayaƙi mai kauri yana fita daga salansa bayan inji ya yi zafi, ruwa yana raguwa alhali ba a ga inda yake zuba ba, sandar awon mai kuma ta fito da launin madara. Wanda ya ga haka ya tsaya wankin lagireto ya yi aikin banza, domin cikin mako guda ruwan zai koma yadda yake. Sai a kai wa makanike ya kwance kai, a auna shi, a sāke gaskit, kana a yi wanki. Ruwan da ya gauraya da mai yakan hana man aikinsa, kuma kuɗin gaskit bai kai kusa da kuɗin sabon inji ba.

Wankin kansa ba shi da wuya. A cire tiyon ƙasa a tsiyaye tsohon ruwa cikin kwano. A cika da ruwa mai tsabta, a buɗe hita in motar tana da ita, a tayar da inji minti 10 zuwa 15, a bari ya huce, a sake tsiyayewa. A yi ta maimaitawa har ruwan ya fito garau. In lagireton jan ƙarfe ya toshe ƙwarai, masu gyaransa kan narke dalma su cire tanki, su zura tsinke cikin bututai ɗaya bayan ɗaya. Kada a yarda a zuba soda mai ci, domin tana cin alminiyum. Garin sabulu kuma kumfa yake bari. Masu zuba ƙwai ko barkono don toshe yoyo su sani cewa abin da ya toshe huda zai toshe bututu ma.

Akwai wata al'ada a gareji da ta kamata a bari, watau cire bawul ɗin da ke kula da zafin inji a jefar, wai don ƙasarmu ba ta da sanyi. Injin da ba shi da wannan bawul yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu, sai ya ƙara shan fetur, ya yi saurin lalacewa. Gwajinsa kuwa mai sauƙi ne: a saka shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, in ya buɗe kafin ruwan ya tafasa lafiyarsa ƙalau, in ya ƙi a sayi sabo.

Bayan wanki sai a cika da ruwan sanyaya inji na kanti, wanda ke ɗauke da maganin tsatsa. In mai kauri ne a gauraya shi yadda aka rubuta a jikin galan, da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir. A yi hattara wajen saye, kada a karɓo asid a maimakonsa. Kada kuma a haɗa iri biyu dabam-dabam, domin wani haɗin yakan yi laka. A bar inji ya yi aiki marfi a buɗe har iska ta fita, a ƙara ruwa, a rufe. Tsohon samfurin wannan ruwa akan sāke shi duk bayan shekara biyu.

Shi ruwan kanti, sabo ko tsoho, guba ne, ga shi kuma da zaƙi. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo, kada a bar shi a buɗe inda yara ko awaki za su kai baki, kada kuma a tuttular da shi cikin kwata ko kusa da rijiya. Wanda ya sha shi a garzaya da shi asibiti nan da nan, ko da bai nuna alamar ciwo ba.