Sojan da Ba a San Sunansa Ba: Halartar Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya



Kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, cikin tsakiyar hunturu, akan taru a Abuja da sauran manyan biranen jihohin Nijeriya domin tunawa da 'yan mazan jiya, watau sojojin da suka rasu a bakin daga da waɗanda suka komo da rai suka tsufa. Tsarin bikin sananne ne. Kafin ranar akan ƙaddamar da ɗan tambarin da ake maƙalawa a ƙirji don tara gudummawa, a yi addu'a a masallacin Juma'a, a yi a coci ran Lahadi. Ranar kanta kuwa sojoji su yi fareti, mai bigila ya busa kiran ƙarshe, jama'a su yi tsit, a harba bindigogi. Sa'an nan Shugaban Ƙasa ya taka ya ajiye furanni a gaban kabarin sojan da ba a san sunansa ba, manya su biyo baya bisa ga muƙami, har a zo kan shugaban Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya da wakiliyar matan da mazansu suka rasu. Daga ƙarshe a saki fararen tantabaru.

Galibin ma'aikatan da ke zuwa wurin, takardar gayyata ce ta kai su, ɗalibai kuwa ba safai ake ganinsu ba. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne ko akwai dalilin da zai sa mutum ya halarci irin wannan taro ba don an tilasta shi ba, da kuma abin da ya kamata ya riƙe a zuciyarsa in ya je.

Asalin bikin daga Turai yake. An tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya da ƙarfe 11 na safe, ran 11 ga Nuwamba 1918. Da shekara ta zagayo, Sarkin Ingila George na Biyar ya nemi a yi shiru na minti biyu a daidai wannan lokaci. A 1920 aka tono gawar wani soja daga filayen yaƙi, aka binne shi a babban cocin Westminster a London inda aka binne sarakuna a da, Faransa ita ma ta yi nata a Paris. Dalilinsu a fili yake: igwa ta farfasa dubban mutane har ba a iya gane su, saboda haka aka ɗauki mutum ɗaya ya tsaya a madadin duka, domin kowace uwa da ba ta ga gawar ɗanta ba ta sami wurin tsayawa. Nijeriya ta gaji wannan al'ada a zamanin mulkin Turawa, tana yi ran 11 ga Nuwamba tare da sauran ƙasashen da Ingila ta mallaka, kafin daga baya ta mayar da ranarta 15 ga Janairu.

To, amma gadon bai zo hannu wofi ba, domin mutanen ƙasar nan sun biya shi da jini. Tun 1863 Laftanar John Glover ya kafa ƙaramar runduna a Ikko wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Lugard kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903, abin da bai kamata a ɓoye ba in ana ba da tarihinta. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, sojan Ingila na farko da aka ce ya harba bindiga shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, a ƙasar Togo. Sojojin Nijeriya suka shiga Kamaru, suka yi ta fama da Jamusawa a Garwa da dutsen Mora har Fabrairu 1916, daga nan aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas. A Yaƙin Hitila kuma birged ɗin Nijeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, suka bi Italiyawa har cikin Habasha. Bayan haka aka kai runduna ta 81 da ta 82 ƙasar Bama, suka yaƙi Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka shiga Myohaung a Janairu 1945. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani. Wanda ya wuce ta barikin Chindit a Zariya, ko Dalet a Kaduna, ko Letmauk a Ibadan, ko Dodan da Myohaung da Arakan a Ikko, sunayen yaƙin Bama yake karantawa a allon ƙofa, ko ya sani ko bai sani ba.

A nan ne muhimmin bambanci yake, kuma shi ne ƙashin bayan wannan lacca. Sojan Turai da ba a san sunansa ba, igwa ce ta ɓatar da sunan. Na Afirka kuwa, sau da yawa alƙalami ne ya ƙi rubuta shi. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoton wani kwamiti da ta kafa. Rahoton ya nuna cewa mutum tsakanin 45,000 da 54,000, yawancinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a tuna da su daidai da yadda aka tuna da Turawa ba, kuma aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa ma har 350,000, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. An samu a cikin takardu cewa a 1923 Gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, ya ba da shawara cewa talakan ƙasar ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a gaban majalisa cikin Afrilu 2021, bayan fiye da shekara ɗari.

Lalle ba duka aka manta ba. Akwai sunayen sojojin Afirka a dutsen tunawa na Lakwaja, akwai kuma na 'yan Afirka ta Yamma cikin kimanin sunaye 27,000 da aka sassaƙa a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Amma waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan alaro, masu ɗaukar harsashi da abinci a ka, waɗanda akan tattaro ta hannun sarakuna da hakimai, waɗansu ba da son ransu ba. Zazzaɓi da atuni da yunwa suka fi kashe su, ba harsashi ba. Tsohon dutsen tunawa na Idumota a Ikko mutum-mutumi biyu gare shi, soja da ɗan alaro, amma jama'a Soja Idumota kawai suka riƙa kiransa. Har a bakin mutane ɗan alaron ya ɓace. Waɗanda aka rubuta ɗin ma, akawun bariki yakan haɗa sunan yanka da sunan gari kurum, wane Kano, wane Bauci, ta yadda jika ba zai iya rantsewa cewa wannan ne kakansa ba.

Waɗanda suka komo su ma ba su tarar da abin da aka yi musu alkawari ba. Ran 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wa tsofaffin sojojin Afirka wuta saboda sun nemi kuɗinsu da aka riƙe. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin Gwalkwas suka nufi fadar Gwamna a Ankara da takardar koke a kan fansho da rashin aiki, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta samun mulkin kan Ghana. Abin lura a nan shi ne, a wurare biyun nan duka maganar haƙƙi ce ta jawo zubar da jini, ba maganar furanni ba.

Sai batun ranar ita kanta. An zaɓi 15 ga Janairu ne domin a ranar, a 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan, yaƙin basasar da aka fara cikin Yuli 1967 ya ƙare, Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Amma kowane ɗan Arewa ya san ranar tana ɗauke da wani nauyi dabam. A 15 ga Janairu 1966 ne waɗansu hafsoshi suka yi juyin mulkin farko, aka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh. A cikin soja aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Birgediya Samuel Ademulegun, da Kanar Kur Muhammad, da Kanar Ralph Shodeinde, da Laftanar-Kanar Abogo Largema, da James Pam, da Arthur Unegbe. Watau rana guda ta buɗe ƙofar fitina, ita ce kuma ta rufe ta bayan shekara huɗu cif. Jawaban da akan karanta a filin fareti ba su cika taɓa wannan ba, don gudun fama tsohon miki. Ana iya fahimtar dalilin, amma wanda ya tsaya a filin yana sane da ranaku biyun nan, shirunsa ya fi na wanda bai sani ba nauyi. Haka kuma ya kamata ya tuna da farar hular da yunwa da tashin hankali suka hallaka a shekarun nan, waɗanda yawansu ya ninka na sojoji.

Akwai masu ƙyamar halartar bikin saboda addini, kuma bai dace a yi musu ba'a ba. Hujjarsu ita ce tsayuwa shiru da ajiye furanni gaban mutum-mutumi ba tafarkin Musulunci ba ne, mamaci addu'a yake bukata da sadaka. Amsar da za a iya ba su ita ce bikin ba ɓangare ɗaya gare shi ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da furanni ba, ga addu'ar Juma'a, ga asusun gudummawa, ga gaisuwa ga iyalan mamata, ga marayu, waɗanda kula da su ba ya cikin abin da malamai suka yi saɓani a kai. Waɗansu kuma ƙorafinsu na siyasa ne: sojoji sun mulki ƙasar nan kusan shekara 29, an kuma zarge su da cin zarafin farar hula a wurare da dama, to don me za a je a yi musu tafi? Zargin yana da tushe, kuma wajibi ne a ci gaba da bincikensa. Sai dai kurtun da ya faɗi a daji ba shi ya yi juyin mulki ba. Yawanci ɗan talaka ne da ya shiga soja don ya ciyar da gidansu.

Jerin kuwa bai rufe ba. Bayan Kwango a 1960 zuwa 1964, an yi Laberiya daga 1990, an yi Saliyo, an yi Darfur. Tun 2009 ake fama da Boko Haram a Arewa maso Gabas. Laftanar-Kanar Muhammad Abu Ali ya rasu a Malam Fatori cikin Nuwamba 2016. An kashe sojoji da yawa a Metele cikin Nuwamba 2018. Babban hafsan sojojin ƙasa, Laftanar-Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu tare da mutum goma a haɗarin jirgin sama a Kaduna ran 21 ga Mayu 2021. Cikin Maris 2024 aka kashe soja 17 a Okuama ta jihar Delta, aka binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja, aka bayyana sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wannan bayyanawa ita ce daidai, amma ba kullum ake yin ta ba. An sha jin labarin faɗa a rediyo da jimlar da bakin hukuma da na jama'a suka saɓa a kanta, ba tare da suna ko ɗaya ba. A 2021, da tantabarun suka ƙi tashi daga keji a gaban Shugaba Muhammadu Buhari, an kwana biyu ana maganar tsuntsaye a ƙasar nan, alhali ba a ji mutane suna tambayar soja nawa aka rasa a shekarar da ta gabata ba.

Ma'aikacin gwamnati yana da alaƙa da wannan al'amari fiye da yadda yake zato. Matar da ta ajiye furanni kusa da ƙarshen layi, washegari ofis za ta nufa. Garatutin mijinta, da fansho, da kuɗin makarantar yara, da wa'adin tashi daga gidan bariki, duk fayil ne a kan teburin wani. An sha ganin tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatu a Abuja suna neman haƙƙinsu, waɗansu da sanduna, waɗansu da tabarmi. Akawun da ya ga fuskar matar nan a filin fareti zai yi wuya ya ce mata ta komo mako mai zuwa ba tare da ya buɗe fayil ɗin ba. Kuskuren harafi ɗaya a sunan magaji yana iya tsayar da biya wata da watanni, kuma gyaransa aikin rabin sa'a ne ga wanda ya ga dama.

Ɗalibi kuwa, musamman na tarihi da na harsuna, aikinsa sunaye ne, kuma lokaci ya ƙure. Yaron da ya shiga soja yana da shekara 18 a 1943 ya cika ɗari a 2025, saboda haka mutanen Bama saura ɗaiɗai. Wanda aka ɗauka yana da shekara 20 a 1967, lokacin da aka fara faɗaɗa runduna daga kimanin mutum 10,000 har ta kai fiye da 200,000 a ƙarshen yaƙin, ya cika 78 a 2025. Waɗannan suna nan a kusan kowane gari, kuma Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, wadda aka kafa bisa doka a 1964, tana da rassa a jihohi. Ranar biki sukan zo da hulunansu da lambobin yabo a ƙirji, su yi sahu a gefen fili. Da an saki tantabaru, motocin manya su tashi, su kuwa sukan daɗe a wurin suna gaisawa da jiran abin hawa. Ɗalibin da ya zo da littafi da alƙalami, ya durƙusa ya ce, “Baba, ina wuni, a wace bataliya aka yi?” zai ji lambar bataliyar, da sunan garin da aka yi faɗan, da sunayen waɗanda aka baro a can, har da unguwannin da iyayensu suke.