Amsar Wasiƙunku: Hoton Mai Kuka, Na Wane Ne?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Runka, cikin ƙaramar hukumar Safana. Yana tambaya, shin daidai ne mutum ya ɗaga waya ya ɗauki hoton gawa, ko na matar da ke kukan mijinta, ko na wanda aka sako daga daji, ya watsa a WhatsApp da Facebook? Ya ce samarin garinsu na cewa ai gani ya kori ji, in ba a nuna ba hukuma ba za ta motsa ba.

To Malam, mun gode. Maganar samarin nan akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Ka tuna watan Mayu na 2019, lokacin da 'yan bindiga suka kashe mutum 18 a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari. Jama'ar yankin suka ɗauko gawarwakin a mota har birnin Katsina, don mahukunta su gani da idonsu, hotunan kuma suka zagaye ƙasa. Amma ka lura da abu guda: waɗanda abin ya shafa su ne suka yanke shawarar a gani. Wannan daban yake da mai wucewa da zai tsaya kan wata baiwar Allah, ɗankwalinta ya faɗi, hankalinta ba ya jikinta, ya ƙyasta mata hoto ba sallama ba izini.

Wannan muhawara ba yau ta fara ba. A 1993, lokacin yunwar kudancin Sudan, wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Kevin Carter ya ɗauki hoton wani ƙaramin yaro ya durƙushe, ungulu na tsaye bayansa. Hoton ya girgiza duniya, har ya ci babbar kyauta a Amurka a 1994. Duk da haka mutane suka yi ta tambaya, shi yaron fa, wa ya taimake shi?

Su kansu 'yan jaridar Nijeriya sun amince da ƙa'idojin aiki a Ilori a 1998. A ciki an hana su bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba, in maganar fyaɗe ce ko wani mugun laifi. To in mai sana'ar an yi masa linzami, ina ga mai waya a aljihu?

Ga shawararmu. Na farko, in rai na hannun Allah, ajiye waya ka kama a kai shi asibiti. Na biyu, nemi izinin mai abin, in ba ya cikin hayyacinsa ka tambayi danginsa. In sun ce a'a, shi ke nan. Na uku, in shaida ake nema, ɗauki rumbun da aka ƙone ko garken da aka kwashe, ka bar fuska da tsiraici. Mamaci sutura yake bukata. Na huɗu, ka sani mutanen Dajin Rugu ma suna da waya. Hoton wanda aka fanso, ko na falke yana ƙirga kuɗi a kasuwa, yana iya nuna musu gidan da za su koma.

An ce magana zarar bunu ce. To hoto ya fi ta wuyar mayarwa, don marayan da ke goye yau zai girma ya iske hoton mahaifinsa yana yawo. Kafin ka danna, tambayi kanka, da mahaifiyarka ce, za ka yarda?

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu.