Cimar Tsuntsayen da Ba Sa Gudun Hunturu



Duk wanda ya tashi a Ikara ko Maƙarfi ko Kudan ya san shamuwa baƙuwa ce: da ruwan fari take zuwa, kafin a gama kaka ta yi kudu. Dalilinta ɗaya, watau fara da tsutsa sun ƙare. Maganata yau kuwa a kan waɗanda suka ƙi tafiya ce, suka zauna da mu daga Nuwamba har Fabrairu, ga hazo, ga ɗari, ga ƙasa ta bushe ƙamas. Me suke ci?

Ba sanyi ne babban abokin gabarsu ba, yunwa ce. A ƙasar Ingila, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, ƙaramin tsuntsu kan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a dare guda, don haka ya bar ƙwari ya koma kan tsaba, wani ma har ɓoyo yake yi. Namu ɗarin bai kai nan ba, amma dabarar ɗaya ce: wanda ya iya sauya cima shi ke ganin damina.

Dubi kurciya da hazbiya. Kala suke yi a masussukar dawa da gero, in ta ƙare su koma kan irin ciyawa da ya zube a ƙasa. Busasshiyar tsaba kuwa sai da ruwa, shi ya sa za ku gan su safe da yamma a bakin fadamun rake na Maƙarfi da lambunan tumatir na Kudan. Balbela ta fi su wayo, ba ta wahalar da kanta: Fulani suka shigo da shanu cin kara, sai ta bi sawu tana cafke farar da kofato ya tayar, carki kuma na bisa gadon bayan sa yana cire kaska. Shirwa hayaƙi take jira. An cinna wa daji wuta, ta samu liyafa. Sha-kauci, wannan ɗan mitsitsi mai dogon baki, yana rayuwa a kan furen kauci da na rimi, domin rimi a tsakiyar ɗari yake fure. Hankaka dai kun san shi, ba ya zaɓe.

Lura, jama'a, kusan duk abin da na lissafa daga hannun manomi da makiyayi da mahauci yake fitowa. In aka sare rimi aka yi katako, aka feshe lambu da maganin ƙwari, an rufe musu rumbu ke nan a watannin da ba su da wani. Ungulu ce shaida. Dā kowace mahauta tana da nata rabon, ita ke kwashe mushe kafin ya yi ɗoyi ya jawo cuta. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kamun da ake yi mata don haɗa magani. In kun je gida hutu, ku tsaya a mahautar garinku ranar kasuwa, ku ƙirga nawa kuka gani.