Alluna da Makomar Ajami a Hannunmu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam rubutu da alƙalami. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku shehunanmu da muƙaddamai da sauran 'yan uwa muridai, kun ga allunan da samarinmu masu zayyana suka jera a ƙofar zawiya. Na farko cike yake da rubutu, babbaƙu da farfaru, an yi masa ado da ja da rawaya. Na kusa da shi tawadarsa ta fara kodewa. Haka suke ta raguwa har zuwa na ƙarshe, wanda babu ko ɗigo a kansa. Wasu dattawa sun ce wasa ne da allo. Ni kuwa ina ganin wa'azi ne, kuma mu ake yi wa.

Da wannan rubutu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsara waƙoƙinsa na Fulatanci, da shi 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta karantar da mata ta hannun jajis na 'yan taru. Magabatanmu ba aronsa kawai suka yi ba, sun hore shi. Ɗigon imala da muke gani a Alƙur'ani ruwayar Warshu shi suka ɗauko ya zama wasalin "e" na Hausa, ɗa mai hannu kuma aka ƙara masa ɗigo uku ya ba mu "tsa". Wanda ya sauke a tsangaya ba ya buƙatar wani malami kafin ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa.

Turawa suka fifita boko tun makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, 1909. A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, a 2014 aka cire shi daga naira ɗari. Mun yi ta ƙorafi, kuma da gaskiyarmu. To amma wa ya tilasta mana buga ƙasidun shehunanmu da boko zalla? Wannan littafin taro da ke hannunku da wane rubutu aka buga shi?

Roƙona ga kowane muƙaddami shi ne ya buɗe gafakar mahaifinsa kafin gara ta riga shi, ya zaɓi yara biyu su kwafi ƙasida ɗaya da hannunsu, su zo su karanta mana ita a taron baɗi.

Allah Ya ƙara wa shehunanmu yarda. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.