Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Kada Guga Ya Hana

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai bayan ziyarar rijiyar Kusugu, Daura



Dukanmu mun tsaya a bakin Kusugu, mun sha ruwanta, mun sake jin labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. To, amma a cikinmu wa ya tambayi kansa: shin takobin da ake dangantawa da Bayajidda, wanda ke fadar Sarkin Daura, wane hannu zai kare shi daga tsatsa nan da shekara ɗari? Wannan tambaya ce ta sa muka miƙe yau.

Akwai wata sana'a da ba mu cika jin sunanta ba, watau aikin gyara da adana kayan tarihi a ɗakin gwaje-gwaje. Mai tono shi ke samun suna, amma abin da ya tono ba ya daɗewa sai ya shiga hannun mai adanawa. Shi ne zai zauna wata da watanni da allura da buroshi yana raba ƙashi da dutsen da ya manne masa, yana ɗiga masa danƙo don kada ya ruguje. Shi ya san abin da danshi ke yi wa ƙarfe, da abin da gara ke yi wa itace da takarda.

Ga misali a nan kusa. A shekarar 1992 aka tona kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, aka sami kayan zinariya da na tagulla da wuri. Da aka tashi gyara su, sai da aka kai su birnin Mainz na ƙasar Jamus. Haka kuma kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya tarar a 1987 yana haƙa rijiya, mai shekara wajen 8,000. Itacen da ya daɗe haka a jiƙe, in ya bushe da gaggawa, tsagewa zai yi. Tilas a jiƙa shi cikin magani tukuna. Ilmi ke nan, ba ƙarfi ba.

Ƙasusuwan da suka zama dutse ma ba mu rasa su ba. A yankin Sakkwato an sami na wata dabbar teku ta zamanin da, har aka raɗa mata suna daga garin Goronyo. A Gadufawa ta Jamhuriyar Nijar kuwa, Bafaranshe Philippe Taquet ya tono manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam. Ƙasar tamu ce, amma sau da yawa hannun baƙo ne ke gyarawa.

Jama'a, hanya a buɗe take. Akwai gidan tarihi na Jos tun 1952, akwai Gidan Makama a Kano, akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ga kuma sashen ilmin kufai a Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibin kimiyyar sinadarai yana da gurbi, haka na ilmin duwatsu, haka mai zane. Ɗan maƙeri ko ɗan dukawa ma ya zo da rabin sana'ar daga gida.

Ba za mu ruɗe ku ba. Aiki ne na haƙuri, ba ya kawo dukiya da wuri, ba a kuma yi wa mai shi kirari. Amma in duk muka ruga neman kujerar ofis, wa zai tsaya wa gadonmu? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ku kuma matasan ma'aikata, gobe takardar neman kuɗin gyaran gidan tarihi za ta biyo ta teburinku. Ƙasa ta ba da nata, kamar yadda Kusugu ke ba da ruwa. Mu ne guga. Kada mu hana.

Allah ya yi mana jagora.